Rediyon Makarantarmu ta Bunguɗu

Ina koyarwa a makarantar elementare ta Bunguɗu aka aiko mana da labari cewa gwamnati za ta fara watsa darussa ta rediyo domin yaran makaranta, kuma mu ma an ba mu akwati ɗaya. Sai dai a zamanin ba a kunna rediyo sai da lasin. Hedimastanmu dattijo ne mai gudun saɓa doka, ya ce ba mai taɓa akwatin sai takarda ta zo. Haka akwatin ya zauna a ofis lulluɓe da zane, yara na leƙensa ta taga, har aka tura ni gidan waya na Gusau na karɓo lasin ɗin.

Ranar da za mu kunna, muka ɗaure eriya a kan doguwar gora. Da murya ta yi sallama daga cikin akwatin, sai ajin duka ya miƙe tsaye ya amsa. Mai maganar da harshen Kano yake yi, duk sanda ya ce "tafi" inda mu muke cewa "tahi" sai yara su rufe baki suna dariya. Ba a jima ba suka saba. Ana koya musu tsabta da labarin ƙasa da waƙoƙi, ni kuwa ina bakin allo ina rubuta abin da na iya kamawa.

Da tafiya ta yi nisa, manoma masu dawowa daga gona suka fara tsayawa a bayan taga. Hedimasta ya damu, ya tambaye ni ko lasin ɗin ya yarda manya su saurara. Muka karanta takardar tare, ba mu ga inda ta hana ba. Washegari ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa.

Matsalarmu ɗaya, batir. Ƙato ne irin na mota, in ya mutu sai an kai shi Gusau. Akwai wani direba mai jigilar gyaɗa, 'yarsa tana ajina. Shi ya same ni ya ce, "Malam, ku bar mini wannan. Ina da mai caji a Sabon Garin Gusau, kuma hanyata ce."

Wata rana motarsa ta lalace a Tsafe, batirinmu na ciki. Lokacin darasi ya yi, yara sun zauna, dattawa sun cika tabarma, akwati shiru. Ina tunanin abin yi, sai 'yar direban ta tashi ta laɓe a bayan akwatin, ta yi sallama da muryar Bakanon nan sak. Aka fashe da dariya, har da hedimasta. Na ce ta ci gaba. Ta maimaita darasin wanke hannu, wasu suka ɗora da waƙa, wani tsoho ya ba da labarin ganuwar garin ta taga.

Da uban yarinyar ya dawo ya ji abin da ya faru, daɗi ya kama shi, ya samo mana batir na biyu don kada a sake yankewa. Duk da haka yara suka roƙi a bar musu Alhamis ta zama ranar shirinsu. Hedimasta ya yarda, kuma kowace Alhamis shi da kansa yake fito da kujerarsa ya zauna a baya.