Yadda Aka Rage wa Bindigar Gajere Tsawo

Gajere bai taɓa cin gardama da mace ba, amma wadda ta fi tsaya masa a rai ita ce ta cikin motar haya. Ya shiga da bindigar da ya gada wurin ubansa, doguwa har ta ɗara shi tsawo, naɗe cikin buhu. Rufin mota ya hana ta miƙewa, sai ya karkatar da ita gaba. Mota ta faɗa rami, bakin bindiga ya tsinci ɗankwalin wata mai sayar da kifi da ke zaune a gabansa, ya ɗaga shi sama. Ashe kan baiwar Allah babu gashi ko na rantsuwa.

Ta juyo ta kalle shi daga sama zuwa ƙasa, kuma kallon bai ɗauke ta lokaci ba.

"Kai ɗan guntun nan, kai ka ɗauko ta ko ita ta ɗauko ka?"

"Yi haƙuri, Baba, ba ni ba ne, rami ne."

"Baba? Na haife ka ne? Ai da ni na haife ka da na ƙarasa aikin."

Mota ta ɗauki dariya. Gajere ya buɗe baki zai rama, direba ya taka burki ya ce, "Malam, ko kai ko bindigar nan, ɗaya zai sauka."

"Ai ba ta tafiya ita kaɗai."

"To ku sauka tare, ka raka ta."

Haka ya ƙarasa gida a ƙafa cikin rana, bindiga a kafaɗa, gindinta yana jan ƙasa a bayansa.

Gajere maigadin wata babbar gonar masara da rogo ne. Mai gonar ya ba shi ɗakuna a gefen shinge, da rijiya da ɗan fili inda matarsa take shuka kayan miya. Nan aka haifi 'ya'yansa, kuma ba shi da wani wurin da zai kira nasa. Aikinsa korar birai da gadu, wato aladen dajin nan mai haure. Gaskiya a aikin ba a kushe shi. Yakan hau kan suri ya hango gadu can ƙarshen kunya, ya ja kunamar bindiga, dabba ta kwanta ba ta shura ba. Sai dai bindigar ba ta da amo, tas take cewa kamar an karya kara, don haka babu wanda ya taɓa yaba masa. Mutum ne mai riƙo. Idan aka yi masa dariya ba ya magana, sai ya je ya zauna da abin kamar kaza a kan ƙwai.

Washegarin rigimar mota ya kai bindigar wurin ƙanin matarsa, Mai Walda, wanda sana'arsa ƙofofi da tagogi ce, bai taɓa riƙe bindiga ba sai a mafarki.

"Ɗan tafin hannu za ka rage mini a bututun, don ta riƙa shiga mota."

"Yaya, wannan ai aikin shan ruwa ne. Zauna."

Ya ɗaure ta a maƙalin ƙarfe, ya ɗauki zarto, idonsa yana kan wata mai sayar da lemo a tsallaken titi. Yanka ya fito a karkace. Ya ce bari ya daidaita, ya karkace ta ɗaya gefen. Ya sake daidaitawa. Kafin mai lemo ta tashi daga wurin, guntayen ƙarfe sun taru a ƙasa kamar an yanka rake, bindiga ta dawo iya hammatar Gajere.

"Yanzu ta zama sa'arka, Yaya," in ji Mai Walda yana hure bakin bututun.

Gajere ya haɗiye wannan ma.

Harbin farko da ya yi a gona, sai da kaji suka tsallake shinge. Ƙara kamar aradu, ga harshen wuta yana fita daga bakinta. Mai gona ya jiyo daga cikin motarsa, ya zo yana murmushi ya ce yanzu ya san yana da maigadi. Gajere ya fara tafiya yana buɗa hannuwa. Shi kuwa Mai Walda, duk wanda ya kawo gyaran ƙofa sai ya ba shi labarin yadda ya ƙara wa bindigar yayansa ƙarfi da zarto kawai. Maza ke nan, abu in dai yana da ƙara sun yarda da shi.

Dabbobi ne ba su yarda ba. Kafin damina ta yi nisa dajin ya cika da guragu. Biri mai jan ƙafa, biri mai hannu ɗaya a lanƙwashe, gadu mai miki a gadon baya ƙudaje suna binsa. Duk suna nan, duk suna cin masara, sai dai yanzu suna ci da fushi. Gajere ya auna inda ya saba aunawa, harsashi ya faɗi ƙasa kafin ya isa. Ya ɗaga baki sama, ya samu dabba, ta yi kuka ta tashi ta tafi.

Ya lallaɓa wurin wani tsohon maƙeri mai gyaran bindigogi. Tsohon ya juya ta a hannu, ya leƙa bututun, ya tambaya wane maƙiyi ne ya yi masa haka.

"Baba, amma ka ji ƙararta kuwa?"

"Ƙarar ita ce asarar. Albarushi yana tura harsashi ne muddin yana cikin bututu, yana tafiya yana ƙara gudu. Ka yanke masa hanya, ya fita bai gama ɗaukar gudu ba, sauran albarushin ya ƙone a iska. Wutar da kake gani da tsawar da kake ji, ƙarfinka ne yake zubewa a banza. Kusa za ta kashe. Nesa kuwa sai dai ta ba dabba haushi."

"A mayar mata da guntun fa?"

"Je ka ce ƙanin matarka ya liƙa, in fuskarka ta ishe ka."

A cikin guragun akwai wani ƙaton gadu da Gajere ya harba a kafaɗa daga kan suri. Harsashin ya tsaya a tsoka, ciwon ya ruɓe, dabbar ta zama abin tsoro. Ta tone rogo kunya bayan kunya. Wata safiya karen Gajere ya bi ta, ta juyo ta farke masa ciki, ya dawo gida yana jan hanjinsa ya mutu a bakin rijiya, yara suna kallo.

Mai gona ya zo ya ga ɓarna, murmushin nan ya tafi. Ya ce, "Gajere, ƙara nake ji, gawa ba na gani. Kafin masarar nan ta nuna, ko gadun nan ya bar mini gona ko kai ka kwashe iyalinka ka ba wani ɗakin."

Gajere bai gaya wa matarsa ba. Ya sami wata tsohuwar ganga ya riƙa harbinta, yana matsowa, yana matsowa, har ya gane inda harsashi yake huda ƙarfe ya fita ta baya. Wurin ya yi kusa ƙwarai, kusan inda mutum zai ji warin dabba. Gadu kuwa ba ya tsayawa a matso masa haka, sai in hankalinsa yana kan wani abu. Gajere ya san raminsa. Ya kuma san abin da kowane maharbi ya sani, cewa gadu da baya yake shiga rami, haurensa yana kallon ƙofa, kuma in aka dame shi fitowa yake kamar an harbo shi.

Ya je shagon walda. "Gobe da safe ka zo ka ga aikin hannunka."

Mai Walda ya zo da sabon takalmi, waya a hannu zai ɗauki hoto. Gajere ya miƙa masa doguwar sanda ya ce ya zungura ramin, shi zai tsaya can gefe. Bai ce masa ya tsaya a gaban ramin ba. Bai kuma ce kada ya tsaya ba.

Zungura ta biyu ƙasa ta buɗe. Gadu ya fito ya ɗauki Mai Walda ya maka da ƙasa, ya sa haure a gwiwa ya ja har cinya. Mai Walda yana kiran "Yaya, harba, Yaya, harba," muryarsa ta koma ta ɗan akuya. Gajere ya taho, bindiga a kafaɗa, ba gudu ba, taku ɗaya bayan ɗaya, har bakin bututun ya kusa taɓa kunnen dabbar. Sannan ya ja kunama. Gadu ya kife a kan mutumin, bai ƙara motsi ba.

Mai gona ya yi murna, har ya sa aka gyara wa Gajere rufin ɗaki. Mai Walda ya daɗe a asibiti, ya fito da ƙafa sandararriya. Har yau a zaune yake walda, kuma ba a ƙara jin labarin zarto a bakinsa ba.

Da Mai Walda ya fito daga asibiti, surukar Gajere ta tara 'ya'yanta a tsakar gidanta ta aika a kira shi. Ya cire takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye. Mai Walda yana kan tabarma, ƙafa a miƙe.

Babban wan matarsa ya fara. "Kai maharbi ne, ka san abin da ke cikin ramin. Me ya sa ba ka ce ya hau ta baya ba?"

Gajere ya ƙara sunkuyar da kai.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka yi magana mana. Ƙanina ya ce yana ganinka kana tahowa kamar mai zuwa gaisuwa."

"Ina ihu, Yaya, ina kiranka," in ji Mai Walda. "Bindiga tana kafaɗarka. Ka ce ba ka ji ba."

Wan ya ce ganganci ne, matar ta ce tsoro ne ya kama shi, suka kaure a tsakaninsu, ita tana kare ɗakinta, shi yana kare ƙaninsa. Tsohuwar ta ɗaga hannu suka yi tsit.

"Ni ba zan zage ka ba, uban jikokina ne kai. Abu ɗaya za ka gaya mini. Kana gani dabba tana cin ɗana, me ka tsaya jira?"

Gajere bai ɗago ba. Ya gyara durƙusonsa, ya yi ƙasa da murya yadda ya kamata a yi wa suruka.

"Inna, a gafarce ni, ban tsaya ba. Da tana nan yadda ubana ya bar ta, daga inda nake zan harba, ko takalminsa ba zai ɓaci ba. Abin da ya yanke mata ne sai da na cike da ƙafa. Da ya yanke kaɗan, da na iso da wuri."