Tutar Nadine Mai Tabon Laka

Nadine Crutcher ta yi aikin soja tun tana budurwa, tana tuƙa tankar mai a hamada. Ta dawo garinsu Sallow Creek, a yammacin Kentucky, da gwiwa mai ciwo da baki mai kaifi. Sai ta kama tuƙin motar makaranta, ta yi ta jigilar yaran gari har ta kai ga ɗaukar 'ya'yan waɗanda ta fara ɗauka. Ɗinkin bargo kuwa a hannun kakarta ta koya: a yanka ƙyallaye a haɗa, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi da allura. Matan ƙungiyar ɗinki da ke haɗuwa ran Talata a coci sun san ta da abu biyu. Ba ta bin zanen da aka sayo a kanti, kuma ba ta karɓar gyara.

Shekarar da ta ajiye aiki, guguwa ta ratsa garin ta share rabinsa. Gidan Nadine ya tsira, rufin gareji kawai ya tafi. Bayan an binne waɗanda suka mutu, kayan mutane suka daɗe suna reto a kan bishiyoyi da wayoyin shinge: riguna, labule, zannuwan gado. Nadine ta riƙa bin gonakin masara da a-kori-kurarta tana tsinta. Wanda aka gane mai shi ta kai masa. Sauran, da babu wanda ya nema, ta ware ja da fari da shuɗi ta tara.

Mijinta Dewey ya leƙa gareji ya riƙe baki. "Nadine, kin mai da mini gareji bola."

"Bolar ta fi ka amfani. Miƙo mini almakashi."

Bargo mai siffar tutar ƙasa ta ɗinka da su, amma ba irin wadda ake gani a ƙofar gidan waya ba. Ratsin ja da fari sun karkace kamar iska na jan su, fararen taurarin da ke kan shuɗin ɓangaren sun watse, babu biyu a layi ɗaya. Ta wanke ƙyallayen da sabulu, amma jar laka ta riga ta kama fararen, ta ƙi fita. Matan coci suka ce ta sa maganin da ke cire tabo. Ta ce a'a, haka ta same su.

Da bikin baje kolin gunduma ya zo, ta naɗe bargon ta kai sashen bargunan kishin ƙasa. Mai karɓar kaya ita ce Misis Glenda Pruitt, shugabar ƙungiyar ɗinki, wadda ita ma guguwar ta kwashe mata shagon furanni. Glenda ta warware shi a kan tebur, ta daɗe tana kallo.

"'Yar'uwa Nadine, ba zan iya rataye wannan ba."

"Don me?"

"Doka ta ce kaya mai tsabta. Kuma tuta ce. Akwai iyayen da aka kawo musu gawar 'ya'yansu sojoji a lulluɓe da ita. Ba za su so su gan ta da datti ba."

"Glenda, na yi yawo da tutar nan a kafaɗar kakina cikin ƙurar da ta fi wannan, ba wanda ya ce na ci mutuncinta. Wannan ba datti ba ne, ƙasar garinmu ce."

"Na sani. Ni dai na gaji da ganin laka. Mutane sun zo ne su ga abu mai kyau."

"To su je sashen amfanin gona su kalli kabewa."

Ta naɗe abinta ta fita. Maimakon ta nufi gida, sai ta ja a-kori-kurar ta ajiye kusa da rumfar masu gasa naman tunkiya, inda babu mai shiga bikin da ba zai wuce ba. Ta ɗaura igiya, ta shanya bargon a jikin motar, ta kafa kujera ta zauna da kofin shayi mai ƙanƙara. Dewey ya ce za a kira musu 'yan sanda. Ta ce su zo, ita ta kai yawancinsu makaranta.

Kafin azahar wurin ya cika. Wani ya nuna da yatsa ya ce labulen kicin ɗin uwarsa ne. Wata ma'aikaciyar jinya ta gane hannun rigarta ta aiki, ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Wani dattijo ya tofar da yawu ya ce abin kunya ne, Nadine ta ɗaga masa kofi.

Sai Opal Sizemore ta zo. Mijinta Harlan yana cikin waɗanda guguwar ta kashe. Ta tsaya gaban shuɗin ɓangaren, ta sa yatsa a kan wani ƙyalle mai ratsi-ratsi, wanda ita da hannunta ta taɓa yi wa faci a aljihu.

"Wa ya ba ki izini?" in ji Opal. "Ki ɗauki rigar mijina ki shanya a bakin rumfar nama, mutane na ci suna kallo?"

 Nadine ta tashi, ta ɗauko ƙaramin almakashi a jakarta, ta warware ɗinkin zare bayan zare, mutane na tsaye suna kallo. Ta ninke ƙyallen ta miƙa da hannu biyu.

"Ban san tasa ba ce, Opal. Ki yafe ni."

Opal ta karɓa ta juya ta tafi.

A gida Dewey ya kawo wata tsohuwar rigarsa shuɗiya ya ce a toshe wurin. Nadine ta ƙi. Ta kalmashe bakin hujin ta ɗinke, ta bar farar auduga a waje. Daga baya mutum biyu suka zo neman nasu, ta cire musu ba gardama. Wasu kuma suka kawo mata abin da suka tsinta, suka ce ta sa.

Haka ta riƙa yawo da shi gasa-gasa, da tabo da huji. Gundumar maƙwabta ta maido mata da shi. A gasar jiha aka karɓa aka rataye a lungu, alƙalai suka ce ɗinkin bai daidaita ba, kusurwoyi ba su haɗu ba. Nadine ta ce wannan kam gaskiyarsu ce, hannunta ya fi sabawa da sitiyari. Can tsallaken kogi, a wata gasar masu salon zamani, aka ba shi bango guda shi kaɗai, amma lambar yabo ta ɗaya wata mata ce ta tafi da ita, mai bargo mai hoton mikiya.

Shekara ta zagayo, kwamitin gunduma ya ƙara doka cewa sai da sabon yadi za a shiga sashen kishin ƙasa. Mutanen gari suka sa wa dokar suna dokar Nadine, ita kuma ta ce a rubuta sunanta daidai. Har yanzu ran Talata ita da Glenda tebur ɗaya suke zama, suna miƙa wa juna zare, kowa na kan bakanta. Opal ta daina zuwa ƙungiyar, kuma in sun haɗu a kanti gaisuwar kai kawai suke yi. Wannan ne kaɗai abin da Nadine ba ta son a tayar mata da maganarsa.

A bazarar da ta wuce ta ji labarin wata gasa a Tennessee. Dewey ya ce gwiwarta ba za ta jure tafiyar ba, kuma ba abin da za su ba ta. Ta ce ba ta tambaye shi ba, shi dai ya je ya duba mata iskar tayoyi. Ya fita yana gunaguni ya duba, ya dawo ya shiga gefen fasinja, ita ta tuƙa.