Wayar Nana da Mai Aron Murya

Tun da aka fara maganar saya wa 'yata Nana wayar hannu nake yawan tuna kakata. Nana tana da shekara goma sha uku. Makarantar da ta shiga bana tana can ɗaya gefen Kaura Namoda, kuma daga can take wucewa Islamiyya, ba ta dawowa gida sai dab da magariba. Mahaifiyarta ta ce a wannan zamani bai kamata yarinya ta yi nisa haka ba a san inda take ba. Na ce zan duba. Na yi ta dubawa har zangon karatu ya kusa rabi.

Kakar tawa ita ta haifi mahaifinmu. Tumba ne sunanta, kuma a gidanta na Dauran, cikin ƙasar Zurmi, muka tashi ni da ƙanena Sani. Ina firamare aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Ba a jima sosai ba aka ƙaddamar da Shari'a, kiɗan dandali ya yi sauƙi, 'yan matan unguwa suka rasa wurin zuwa bayan cin tuwo, sai suka dawo ƙofar ɗakin Kaka. Lokacin ɗari ne ya fi daɗi, bayan an shigar da gero da dawa rumbu. Takan ja sauran garwashin murhu zuwa cikin kasko, mu karyo kara muna sakawa, wani ya binne dankali a toka ya zauna gadinsa. Wani malami maƙwabcinmu ya taɓa ce mata tatsuniya ƙarya ce, ya kamata ta bari. Ta ce, "Malam, ƙaryar da kowa ya san ƙarya ce, wa ta cuta?" Ya yi dariya. Washegari 'ya'yansa na cikinmu.

A lokacin babu waya a Dauran. Mu yara mu ne wayar gari. In za a gaya wa dangi haihuwa a ƙetaren gulbi, ko a kai wa mahaifinmu saƙo gona, yaro ake tasa. Amma a gidanmu ba shekaru ke sa a fara aikenka nesa ba, kuma ba tsawo ba. Kaka ce ke yankewa, kuma tana da hanyarta. Da almuru, kana cikin wasa, sai ka ji an kira sunanka daga bayan rumbu da muryar innarka, ko ta wata gwaggo. Kaka ce, ta iya kwaikwayon kowa. In ka ce "na'am", shi ke nan, sai baɗi. In ka yi shiru ka je ka duba, ko ka ruga wurin babba ka ce ana kirana ban ga mai kira ba, da safe za ta miƙo maka ƙwarya ta ce ka kai ƙetare.

Ni na wuce da wuri, ba don wayo ba, don ina da tsoro. Takan ce mini, "Maigidan nan nawa ba cefane, ba jarumta, amma dai shina da kunne." Sani kuwa kullum faɗuwa yake. Kafin a rufe baki ya amsa, har da gudu yana dariya. Takan kama kunnensa ta ce, "Kai, Sani, na'am ɗinka ta yi araha. Ko akuya ta yi kuka sai ka ce na'am."

Tatsuniyar da ke bayan wannan gwaji sau da yawa ta ba mu ita, kuma ba ta taɓa sauya mata ƙarshe ba. Ba ta buɗewa yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa bakin kasko da kara ta ce, "Ku matso, baƙuwa ta iso." Mu ce, "A ba ta tabarma."

Wai a wani gari na bakin gulbi akwai wani abu da ke zaune cikin duhuwa. Ba wanda ya taɓa ganinsa, kuma ba ya cin mutum. Abin da ya rasa murya ce, don haka ake ce masa Mai Aro. Ranar nan wani tsoho ya fita neman jakinsa da yamma, ya ji motsi a duhuwa, ya yi sallama, ya ƙara da cewa wane ne nan. Ya dawo gida bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Washegari da almuru matarsa ta ji muryar mijinta daga gulbi tana kiranta. Ta manta yana kwance a ɗaki, ta amsa. Ita ma tata ta tafi. Da muryarta aka kira ɗanta, da ta ɗan aka kira abokinsa.

"Ba shi kiran baƙo," in ji Kaka. "Wanda kaka so, da shi aka kiranka."

A hankali gari ya yi tsit. Kasuwa na ci da hannu da ido. Jarirai kaɗai ke kuka, su ma ranar da suka iya gane sunansu sai su bi sahu. Amma da rana ta faɗi, sai gulbi ya cika da hayaniya: ana ciniki, ana waƙar daka, ana faɗa a kan kaza, mata na dariya. Duk garin yana can cikin duhuwa yana magana, mutanensa kuma suna zaune a ƙofar gida suna sauraron kansu.

Saura yarinya ɗaya, Dije. Kafin muryar uwarta ta tafi, ta gaya mata kada ta amsa kiran wanda ba ta gani ba. Kullum da almuru Mai Aro ya kira ta da muryar uwar, da sunan da uwar kaɗai ke kiranta. Wata rana da lallashi, wata rana da kuka, wata rana ya ce ƙaya ta soke ni, zo ki cire mini. Dije sai ta kama hannun uwarta ta riƙe, tana kallon fuskarta, har kiran ya gaji.

A nan kullum wani ke tambaya ko Dije ta ƙwato muryoyin. Kaka ta ce, "A'a. Ta dai riƙe tata." Dije ta girma, ta haifi 'ya'ya, daga bakinta suka koyi magana, gari ya sake tashi. Muryoyin farko kuwa suna can har yau. Sai Kaka ta karkaɗe zanenta ta ce, "Nan na baro su, ban waiwaya ba."

Wani dare Sani ya ƙi tashi. Ya ce, "Kaka, to in da innarta ba ta gida fa? In ita ce da gaske ƙaya ta soka?"

Kaka ta daɗe tana tona toka. Ta ce, "In ita ce, ta iso ƙofa."

"In ba ta iya tahowa fa?"

"Wanga yaro, tambayarka ta fi ka tsawo. Tashi ka kwanta."

Ban taɓa jin ta gudu daga tambaya ba sai ranar.

Kaka ta rasu kafin a kafa ƙarfen sabis a wajenmu, ba ta taɓa riƙe waya ba. Mun dawo Kaura Namoda. Sani ya zama ɗan kasuwa, yana ɗaukar kayan masarufi a babur zuwa Shinkafi da ƙauyukan da ke kewaye. Wayarsa ba ta hutawa, kuma bai sauya hali ba: ƙara ɗaya, ya ɗaga. Shi ne ya fi kowa shaƙuwa da Nana. Yakan kira ta "uwar gida mai hana ni barci", ya zo mata da rake.

Shekarun baya, lokacin da hanya ta lalace, wani abokin cinikinsa na Galadi ya kira shi da safe ya ce ya kawo masa kaya, yana jiransa a wata mararraba kafin gari. Murya tasa ce, lamba tasa ce. Abin da Sani bai sani ba shi ne mutumin ya kwana a hannun 'yan bindiga, kuma sun sa shi yana bin sunayen da ke wayarsa ɗaya bayan ɗaya. Sani ya ɗaure kaya ya tafi.

Bayan haka wayar Sani ta fara kiranmu. Sunansa ya fito a fuskar wayata, na ɗaga, na ji, "Yaya, ni ne." Sannan wani ya karɓa. Abin da suka nema dangi sun haɗa, an kai. Sani bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba, ba a kuma ce mana ya rasu ba. Lambar ta ci gaba da kira jefi-jefi har damina ta wuce, wani lokaci wata murya ta daban, wani lokaci iska kawai da kukan shanu daga nesa. Daga baya ta daina.

Ba na cewa kakata ta hango wannan. Tsohuwa ce da ta san cewa yaro mai saurin amsawa yana da sauƙin ja, kuma hakan gaskiya ne tun kafin a ƙera waya. Abin da ya tsaya mini shi ne tambayar Sani. A tatsuniya uwar Dije tana zaune kusa da ita, ana iya riƙe hannunta. Mu kuwa muryar aro ce, kuma mai ita yana can tare da ita, yana jira mu ɗaga.

Wannan ne dalilin da na kasa faɗa wa matata. Ita tana ganin waya hanya ce da za mu riƙa jin Nana. Ni ina ganin ƙofa ce da kowa zai iya kiranta ta ciki, ba tare da ya bi ta zaure ya yi mini sallama ba.

Wata Asabar da la'asar ina zaune a tsakar gida, Nana ta kawo mini ruwa ta tsaya. Ta ce, "Baba, Mama ta ce har yanzu kana dubawa."

Na ce ina dubawa.

"Dubawan ga ya fi na likita daɗewa."

Mahaifiyarta ta yi dariya daga madafa. Na ce wa Nana ta zauna. Na ce mata ba don ban yarda da ita ba ne. Akwai kiran da babba ma ba ya sanin yadda zai yi da shi, kuma ba na so irinsa ya same ta tun yanzu.

Ta ce, "Irin na Baffa Sani?"

Na dube ta. A sanina mun ɓoye mata komai. Mun ce mata ya yi tafiya, daga baya muka ce a riƙa yi masa addu'a.

Ta ce, "Na taɓa ɗauka. Ka tafi masallaci ka bar wayarka tana caji. Na ga sunanshi."

"Me ya ce miki?"

"Ya ce, uwar gida, ke ce? Na ce ni ce. Ya ce kin ci abinci? Na ce na ci. Ya ce to madalla. Sai wani ya karɓa, ya ce yarinya, wace makaranta kike, gidanku kusa da ina ne."

"Kika ce me?"

"Ban ce komai ba. Na tura ta ƙarƙashin matashi na fita."

Matata ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Ita ma ranar ta fara ji. Na tambayi Nana me ya hana ta gaya mana. Ta ce lokacin kullum idona ja ne, ba ta so ta ƙara mini.

Shekara tara take da ita a lokacin. Na daɗe ina tsaron ƙofar da aka riga aka shigo ta, yarinyar kuma ta ɗauki abin ita kaɗai duk tsawon wannan lokaci, tana zuwa makaranta, tana yi mini barkwanci. Ban ji alfahari ba. Abin da na ji ya fi kama da sanyin da ke shiga bayan mutum idan wuta ta mutu bai lura ba.

Ranar kasuwa na sayo mata ƙaramar waya mai madannai, wadda ba ta yin komai sai kira da saƙo. Muka zauna a tabarma ina karanto mata lambobi tana sakawa: tawa, ta mahaifiyarta, ta gwaggonta da ke Zurmi, ta mai keken da ke kai su makaranta. Na ce ya isa. Ta ci gaba da dannawa. Na leƙa. Lambar Sani ce, daga ka ta rubuta ta, ba ta tambayi kowa ba.

Na ce, "Nana, wannan ba a hannunsa take ba."

"Na sani, Baba. Don in ta kira in gane ita ce."

"In ta kira fa?"

"In kawo maka."

"In ba na nan?"

Ta juya wayar a tafin hannunta. Ta ce, "Ba ni ɗauka. Amma ba ni kashewa. In bar ta ta yi ta ƙara har ta gama, ko da shi ne, ya san tana shiga."

Kakata ta koya mana yin shiru, kuma shirun ya tsare da yawa daga cikinmu. Ba ta koya mana abin da za mu yi da mai kiran da ba ya iya isowa ƙofa ba, ina jin don ita ma ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba. Na dai miƙa wa Nana cajar, na ce kada ta bari wayar ta mutu.