Hoton da Ilu ke Ɗauka Ranar Ashirin da Bakwai ga Agusta

Kullum da hantsi, in ka bi ta bakin tashar mota a Gumel, za ka tarar Malam Ilu Mai Hoto ya buɗe shago, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya rataya shuɗin labulen nan nasa da ya ga jiya ya ga yau. A gaban labulen nan rabin garin nan muka zauna aka ɗauke mu fasfo, na jarrabawa, na neman aiki, na tafiya Makka. Ni dai har gobe ina da ƙorafi, don a nawa na firamare kunnuwana sun fito kamar na zomo. Da na yi magana, cewa ya yi shi bai ƙara mini komai ba, abin da Allah ya ba ni ya ɗauka.

Amma ba don fasfo nake wannan rubutu ba. Akwai wani aiki da Ilu ya ɗora wa kansa, ba wanda ya sa shi. Ranar ashirin da bakwai ga Agustan 1991, ranar da aka ba mu jihar Jigawa, mutane sun kewaye rediyon mai shayi a tasha suna jiran sanarwa. Ilu ya hau dakalin shagonsa ya ɗauke su. Da shekara ta zagayo, ya sake hawa dakalin a wannan rana ya ɗauki tashar. Tun daga nan bai taɓa fashi ba, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Yana da ƙa'ida guda: ba ya sanarwa, ba ya cewa a shirya. Mu kuwa kun san mu da hoto. Da an ce za a ɗauka sai a gyara hula, a ɗaure fuska, a ƙame kamar an zo gaban alƙali. In wani ya hango shi ya taso yana kakkaɓe riga, sai Ilu ya sauke kyamara ya jira har mutumin ya gaji ya koma harkarsa. Yakan ce shi gari yake ɗauka, gari kuwa ba ya tsayawa gyaran hula. 'Yan kamasho sun sha yi masa tsiya, wai yana ɓarnar fim a kan mutanen da ba su ma san an ɗauke su ba. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

Hotunan suna nan jere a bangon shagon. A na farko akuya ce ke cin ganyen darbejiyar bakin tasha, yau direbobi ke barci a inuwarta. Ga shekarar da 'yan acaɓa suka cika wurin. Ga wadda ƙarfen sabis ya tsiro a bayan masallaci, kowa ka gani hannunsa a kunne. Ga wadda ruwa ya ci tashar har agwagi na iyo a inda ake lodi, ga ta rufe boda, manyan motocin Maigatari a jere, direbobi sun shanya wanki a jikin madubi. Isaiah mai kayan gyaran mota, wanda ya zo daga Filato yana saurayi, har yanzu yakan jawo baƙinsa ya nuna musu kansa a zamanin da yake da suma.

Bara ne wata ma'aikaciyar jinya daga Ɗanzomo, sunanta Lauratu, ta shigo ɗaukar fasfo. Ta tsaya gaban bangon ta kasa tafiya. Can ta tambayi Ilu ko a tsofaffin hotunan akwai direbobin hanyar Sule Tankarkar. Mahaifinta, Ubale, direba ne a tashar nan, ya rasu a hatsari tun ana da cikinta, kuma ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Mutum ne da ba ya son hoto ko kaɗan, na lasisinsa kuwa ya ƙone tare da motar. Mahaifiyarta Yelwa tana nan da rai, amma Lauratu 'yar fari ce. Yelwa ko sunanta ba ta kamawa, balle ta zaunar da ita ta siffanta mata mijinta.

Ilu ya ce, "'Yata, ni ban riƙe sunayensu ba. Ki zo da mahaifiyarki, idonta zai gane."

Ina shagon ranar da suka zo. Ilu ya sauko da hotuna uku na farko, don Ubale bai kai Agusta na huɗu ba. Ya goge su, ya miƙa wa Yelwa gilashin ƙara girma. Ta zauna a benci, ba ta ko dubi inda 'yarta take ba. A na farko ta ɗora yatsa kan wani mutum a gefen masu sauraron rediyo, ya tare fuskarsa da hula. A na biyu ta sake samo shi, ya juya ƙeya. Ilu ya buga cinya, ya ce ya tuna mutumin nan, ya fi kowa ido a tashar, da Ilu ya hau dakali, ko tari bai yi ba sai mutumin ya gan shi. Ilu ya yi dariya, amma shi kaɗai ya yi. Saura hoto ɗaya.

A na uku akwai wani mutum tsaye a saman mota, ana miƙa masa rago daga ƙasa. Hannayensa biyu suna kan ƙahon ragon, ba halin taɓa hula, ya buɗe baki yana dariya. Yelwa ta daɗe tana dubansa. Sannan ta tura hoton gefe, wajen 'yarta, ta fuskanci Ilu.

"Malam, ka ce da yarinyar nan ta dubi wushiryarsa, sannan ta je ta dubi madubi."

Lauratu ta rufe baki da hannu, hawaye na zuba. Ni ma sai da na fita waje na tsaya kallon motoci. Da za su tafi, Ilu ya ce zai wanke mata babba ta rataya a ɗaki. Yelwa ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ta ce a hankali a wanke guda biyu.

Malam Ilu, kai ne ka tsaya kan dakali shekara da shekaru ana yi maka dariya. Da ka bi son ranmu ka ce a shirya, da Ubale ya sauke ragon nan ya ɗauki hula, da Lauratu ta koma ga Allah ba ta san da wa ta yi kama ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse, kai ka dafa, mu muka sha romon. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Bana yanar ido ta kama Ilu, ya ce ya ajiye aiki. Ranar ashirin da bakwai ga Agusta, Lauratu ta ɗauki hutu ta zo, ta karɓi kyamarar ta hau dakalin, shi yana tsaye a ƙasa. 'Yan tasha suka hango ta, aka fara gyara huluna. Ta sauke kyamarar ta jira. Ba wanda ya gaya mata.

Ku mutanen Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, yau kowa da waya a aljihu, amma fuskokinmu kawai muke ɗauka. A samu mutum guda a kowane gari ya zaɓi rana, ya zaɓi dakali, ya riƙe. Wata marainiyar tana nan tafe neman fuskar ubanta. Ku ɗauka mata, kuma don Allah kada ku ce a gyara hula.