Maƙeri da jakar numfashi a hanyar Magarya

Mun tashi da asuba daga likitar garinmu, ƙaramin asibiti gabas da Dungas, ni da direban ambilas da malamar jinya da ƙanena a kwance. Feshin wake ya yi iska na dukan fuskarsa, maganin ya kama masa ƙirji har numfashi ya ƙi. Malamar ta kifa masa wata jakar roba a baki da hanci, balon sunanta, a matsa iska ta shiga. Muddin hannu na matsawa, yana raye.

Hanyar kuwa, in akwai mai gyaranta Allah ya ba shi lafiya, da alama ya daɗe a kwance. Rairayi, rami, amalanke. Muka tsaya sayen isansi, wato man mota, a kwalba, kuɗinsa ya kai na tiyar gero biyu, mai ƙosai na leƙo mu ta taga tana tayi.

Bayan awa guda hannun malamar ya gaji. Na ce ta ba ni, ai shekara hamsin ina zuga a maƙera, ga aji uku na lakkwal, makarantar boko, a kaina. Ta ce in ƙirga biyar, in matsa a hankali, ita za ta riƙe fuskar. Na ce to. Amma maƙeri in ya ga wuta na mutuwa ƙara zuga yake. Da na ga leɓensa ya yi toka sai na hau jakar da hannu biyu, ba ƙirge. Cikinsa ya kumbura, amai ya taso.

Ta fizge jakar. "Baba, mutum ne, ba garwashi ba."

Ta juya shi, ta share bakin, ta ci gaba da matsawa har asibitin Magarya. Can suka karɓe shi da sauri, ya kwana biyu ya cika. Na tambayi likita ko maganin ne ko aman da ya shaƙa. Ya dube ni ya ce kwana ne ya ƙare.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: wanda ya iya aikinsa ya fi jahili haɗari a aikin wani.

Mun dawo ran kasuwa. Direba ya riga ya baza labari cewa ni na yi wa ƙanena numfashi tun daga Dungas. Matar ƙanena ta dama fura da hannunta, ta durƙusa ta ce Yaya Allah ya biya. Na karɓa na sha.