Malama Rabi da randar shagona

Jama'a, da safen nan ina shan koko aka kira ni, sai da na zubar da rabi a riga. An ɗauki Malama Rabi aiki! Wasu masu haɗa software ne suka neme ta da kansu, wata mai kamawa za ta koma Abuja.

Na yi ihu, na yi hamdala, sai kuma na ji ƙwalla. Birnin Kudu za ta yi rashi, ni ne kuma kan gaba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ta koya min kwamfuta tun ban san inda ake kunnawa ba. Da cajata ta ƙone, tata ta ba ni na riƙe sati biyu, ko sau ɗaya ba ta tambaya ba.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne maganar randa.

Bara aka ba wata makarantar al'umma a Sara ta Gwaram ƙananan kwamfutoci, babu komai a cikinsu. Kawuna ne shugaban makarantar. Iyayen yara suka ce a kai Kano a saka musu system da darussa, Kawu ya miƙe ya ce, "Sani ɗan ƙanwata zai yi kafin a dawo hutu." Mutuncinsa ya ɗora a kaina, a gaban mutane.

Processor ɗin kwamfutocin, wato ƙwaƙwalwarsu, daban yake da na laptop ɗina. Dole sai laptop ya kwaikwayi nasu ta hanyar emulator, sannan in gina system ɗin a ciki. Yau in gina ya tafi lafiya, gobe in ƙara darasi ɗaya in sake, ya faɗi a tsakiya. In sake ba tare da na taɓa komai ba, ya yi. In kuma, ya ƙi. Na zargi janareta, na zargi network, har makwabcina mai walda bai tsira ba.

Wata rana zafi ya dame ni, na ɗora laptop a kan murfin randar shago. Ya ginu. Washegari na sake ɗorawa, ya ginu. Shi ke nan, na gano magani! Har na fara ba abokai shawara.

Saura kwana shida a koma makaranta ginin system ɗin ya sake faɗi, a kan randar kuwa.

Na kira Malama. Ta zo shago, ta kalli laptop, ta kalli randa, ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Malam Sani, wai randar ce injiniyanka? To bari mu yi mata jarrabawa. Sau goma a kanta, sau goma a kan tebur. Duk wanda ya faɗi ka ajiye min log ɗinsa, wato rubutun abin da ya faru, kar ka goge."

Na ce Malama lokaci fa ya ƙure.

Ta ce, "Abin da yake yi wata rana ya ƙi wata rana, sau ɗaya ba shaida ba ce. Ka ƙirga."

Kwana biyu muna yi. A kan randa ya faɗi sau uku, a kan tebur ma sau uku. Ta jera log ɗin guda shida ta ce in duba da kaina. Kowanne a fayil daban ya mutu, amma duk a lokacin da laptop ke gudanar da ayyuka takwas tare.

"Ka gani? Fayil ba shi da laifi. Emulator ɗin ne ka tura wa mutum takwas ta ƙofar zaure ɗaya. Mai da shi ɗaya-ɗaya."

Ya koma tafiyar hawainiya, amma bai sake faɗi ba. Duk da haka ta hana ni murna sai da muka maimaita sau goma cur.

Ranar da muka kai kwamfutocin can Sara, Kawu ya riƙe hannuna a gaban iyayen nan, ya daɗe bai saki ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati biyu ke nan, ta leƙo shago ta sha ruwa a randar ta ce, "To, wannan ne aikinta." Da za ta fita ta juyo: "In ya sake yi maka, kar ka kira ni sai ka ƙirga goma."

Malama, ban faɗa miki ba. Ranar Talata wani system ɗin ya fara irin halin nan. Na ɗauki waya, na ajiye. Na ƙirga, na jera log, na gano shi da kaina. Ki tafi hankali kwance.

Allah ya sa wannan aiki ya zame miki alheri, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya saka miki da abin da ya fi wanda kika yi mana. Duk wanda ya karanta, don Allah ya saka Malama Rabi a addu'a, ko da amin ce ya bari a ƙasa.