Maciji a Bayan Batir

Jama'a, yau ni da maciji muka yi gyaran mota.

Da safe tiyon lagireto ya fashe min a gida Nyanya, ga intabiyun aiki yana jirana a Garki. Bakanike bai ɗaga waya ba. Na sayo sabon tiyo da kaina. Ina zare tsohon, sai ga maciji naɗe a bayan batir!

Maƙwabciyata Maman Bilki ta ce, "Anti, turo shi aka yi. Kada ki fita yau."

Na ce, "Tun bara nake zaune ba aiki, me ya rage su yi min?"

Na sa sanda na wurga shi kwata. Na ɗaure tiyo, na zuba ruwa, na tayar.

Da baƙin mai a rigata na shiga ofishin. Sun ce in fara Litinin.